Abin da Ban Gaya wa Hannatu Ba

Na yi wata uku a Manchester ban sa ido a kan gidan kula da tsofaffin da aka ce zan yi aiki a ciki ba. Mutumin da ya yi mini takardu ya nuna mini hotonsa tun ina gida: jan bulo, furanni a bakin ƙofa, ma'aikata cikin shuɗin kaya suna murmushi. Da na iso sai ya ce an sami ɗan canji, in yi haƙuri. Bayan sati biyu lambarsa ta daina shiga. Aikin da na samu daga baya na bin tsofaffi ne gida-gida. In wanke wannan, in ba wancan magani, in ruga in tari bas cikin ruwan sama. Ran da suka ga dama su ba ni gida shida, ran da ba su ga dama ba su ce in zauna kusa da waya.

A Ardwick nake zaune, a wani gida mai ɗaki huɗu da kicin ɗaya. Cikin mutanen gidan mutum ɗaya ce take gaishe ni, Bilkisu, Bakanuwa mai karatun digiri na uku. Ita ta ga ina fita da rigar sanyin da na zo da ita daga gida, ta shiga ɗakinta ta fito da wata ƙatuwar kwat ta ce, "Anti Saratu, wannan taki ta zaman falo ce. Sa wannan, ni ta yi mini yawa." Ban ga inda ta yi mata yawa ba, amma na karɓa.

Mahaifiyata mai burukutu ce a wani ƙauye kusa da Kafanchan. Da tukwanenta ta yi mana makaranta, mu biyar. Duk da haka na tashi ina jin kunyar sana'ar. In aka tambaye ni aikin Mama, sai in ce 'yar kasuwa ce. Ƙawata tun firamare, Hannatu, ita kuwa 'yar hedimasta ce, gidansu na kwano, da labule a taga. Ta karanta aikin jinya, ta riga ni zuwa Ingila da shekara tara, ta auri Ayuba, suna Birmingham. Ita ta yi ta kirana tana cewa in zo weekend in huta, ina ta ba ta uzuri, har ranar da uzurin ya ƙare.

Wata Asabar da hantsi na sauka a unguwarsu, Lozells. Gidansu ɗaya ne daga cikin gidajen nan da ke manne da juna a jere, ba wani babba ba ne, amma a bakin ƙofa Hannatu ta rungume ni ta raɗa mini cewa sun saye shi, nasu ne. Na ce, "Allah ya sa albarka!" da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Ta zagaya da ni ɗaki-ɗaki. Ina tafe ina yabawa, ina tuna ɗakina da in na miƙa hannu daga kan gado nake taɓa ƙofa.

Muna saukowa daga bene sai wani ƙamshi ya tare ni, na tsaya cak. Ƙamshin tsiron hatsi ne a ruwan zafi. Rabona da shi tun tsakar gidanmu.

"Me kuke dafawa?"

"Zo ki gani," in ji ta, tana dariya. "Giya muke yi. Wani tsohon Bature maƙwabcinmu ya koya mana."

A ɗan filin bayan gida akwai wata doguwar tukunyar ƙarfe a kan murhun gas, an lulluɓe ta da tsohon bargo. Ayuba na tsaye a gefe da safar hannu ta roba, amma na gane nan take ba shi ne mai tukunyar ba. Hannatu ce ke ba da umarni. Ta yaye bargon ta nuna mini: cikin tukunyar an shimfiɗa wata farar jaka mai ƙananan huji kamar rariya, an naɗe bakinta a leɓen tukunyar. A cikin jakar ake zuba barzajjen tsiron sha'ir bayan ruwa ya yi zafi. Ta tsoma ma'aunin zafi ta ce sittin da bakwai, kada ya hau kada ya sauka, awa ɗaya cif. Da lokaci ya cika Ayuba ya kama bakin jakar ya ɗaga ta gaba ɗaya, dusar duk tana ciki, ruwa mai zaƙi yana tsiyaya. Shi ke nan an gama tata. Na tuna Mama da ƙannena suna wuni a sunkuye kan kwandon tata har bayansu ya riƙe.

Sauran ta bayyana mini tana aiki. A tafasa ruwan awa ɗaya da wani ganye mai ɗaci, a sanyaya shi da sauri, a juye a bokitin da aka wanke da magani, a barbaɗa yis, a rufe sati biyu. Tana magana tana juya ludayi kamar wadda aka haifa a bakin murhu. Tsohon Baturen ya leƙo ta kan katanga, ta gabatar da ni, sannan na ji tana ce masa da Turanci wai a wajenmu mata ne ke dafa giya tun kaka da kakanni, al'adarmu ce, abin alfaharinmu ne.

Alfaharinmu. Na dubi hannunta, sumul, ba tabon wuta ko ɗaya. Gidan da mijin da takardar aikin duk na haɗiye su tun safe, amma wannan ya ƙi wucewa. Abu ɗaya da nake da shi wanda ba ta da shi, wanda ma na yi shekaru ina ɓoyewa, shi ne yau ta ɗauka tana ado da shi a gaban Bature.

Da zan tafi ta cusa mini sabuwar jaka irin ta tukunyar da ƙullin yis biyu a cikin kayana. "Ki gwada. Ke fa 'yar gida ce, sai kin fi ni iyawa."

Bayan wata ɗaya ta kira ni. Surukarta, mahaifiyar Ayuba, za ta zo daga gida don addu'ar buɗe gidan, kuma tsohuwar ta ce ita ba ta shan giyar kwalba. Hannatu ta yi mata alkawarin burukutu. Ta yi odar tsiron dawa ta intanet, tana so in zo in tsaya mata.

Na je. Na zauna a kan kujerar roba a bayan gida ina kallo. Yadda take yi wa sha'ir haka ta yi wa dawa: jaka, ruwan zafi, ma'auni, bargo, awa ɗaya. Da ta yaye bargon sai na ga garin ya kwanta a ƙasa, ruwa garau ya taso a sama. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Na san abin da ake yi a nan tun ina 'yar shekara bakwai. Ruwan saman nan kwashe shi ake yi a ajiye gefe, a dafa na ƙasan shi kaɗai har ya yi kauri kamar kunu, a bar shi ya sha iska, sannan a mayar masa da ruwansa. Dawa ba sha'ir ba ce, ba ta sakin zaƙinta sai ta dahu.

Hannatu ta ɗanɗana ta yamutsa fuska. "Salam yake. Saratu, haka Mama take yi kuwa? Akwai abin da na tsallake?"

"Kai, na manta," na ce. "Ina ƙarama lokacin. Kin san ban cika zama wajen ba."

"Ko za ki tambayar mini ita?"

"Wayarta ta lalace. In an gyara zan tambaya."

Wayar Mama lafiyarta lau. Ran Larabar da ta biyo baya, tsakanin gidan wani tsoho da na wata tsohuwa, na zauna a rumfar jiran bas na kira ta. Na ce ta maimaita mini komai daga jiƙon dawa har gamin da ke tayar da giyar.

Ta fashe da dariya. "Ke? Ke da in na ce ki iza wuta sai ciwon kai ya kama ki? Wa za ki dafa wa a can?"

"Ni kaɗai, Mama. Kewa ce."

Sai muryarta ta sauka. Ta bi da ni tiryan-tiryan. Kwana nawa a jiƙe, kwana nawa a lulluɓe, tsawon da tsiron zai kai kafin a shanya. Da ta zo kan ruwan sama ta ce, "Nan ne ran abin. In kika dafa shi kin kashe shi, in kika bar na ƙasa ɗanye ba abin da zai ci. Sai kin raba su kin sake haɗa su." Ta ƙare da cewa in gaida Hannatu 'yar Malam. Na ce za ta ji.

A wani shagon kayan abincinmu a Rusholme na sami jar dawa. Tukunya kuwa a shagon tsofaffin kaya na tsinto ta, na rungumo ta cikin bas mutane na kallona. Jiƙon farko ya yi fumfuna ya ruɓe, don ɗakin ba iska. Na biyu na shimfiɗa a faranti kusa da hita, ina yayyafa ruwa safe da yamma, ina wanke shi kamar jariri. Kwana huɗu ya fito da fararen saiwoyi. Rana babu, don haka a oven na busar da shi da 'yar wuta kaɗan, na barza a blanda.

Ranar dahuwa Bilkisu ta shigo kicin ta tsaya tana shaƙar iska.

"Anti, kunun zaƙi ne?"

Na so in ce e. Amma kwat ɗinta na rataye a bayan ƙofata. Na ce, "Ƙanwata, ba zan yi miki ƙarya ba. Burukutu ne."

Ta ɗan ja da baya. Sannan ta ce, "To, don Allah kada ya taɓa tukwanenmu da cokulanmu. Kuma ki riƙa yi ranar Talata, ina wuni a jami'a. Ki buɗe taga." Ta ɗauki kofinta ta fita. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ba ta kuma daina gaishe ni ba.

A ranar na yi ɓarna. Na kwashe ruwan sama yadda ya kamata, na kunna wuta sosai don in dafa na ƙasa, jakar tana ciki. Kafin in ankara ƙauri ya cika kicin. Jakar ta narke ta manne a gindin tukunya, komai ya tashi a banza. Na zauna a ƙasa kamar in yi kuka. Sannan, don rashin kunya irin tawa, na kira Hannatu. Na ce sha'ir nake gwadawa, jakar ta ƙone.

"Ayya, laifina ne, ban gaya miki ba! Kada ki kunna wuta jakar na taɓa ƙasa. Ko ki ɗaga ta, ko ki kifa faranti a ƙarƙashinta. Bari, ina da wata, gobe zan sa miki a post."

Na tambaye ta labarin dawarta. Ta ce ta sake yi sau biyu, duk ta zubar. Ayuba ya ce ta haƙura. "Kunyar tsohuwar nan nake ji, Saratu. Na riga na cika baki." Na ce Allah ya kawo mafita. Jakar ta iso ran Alhamis, da ɗan ma'aunin zafi a naɗe a ciki, kyauta.

Da Talata ta zagayo, da jakarta da ma'auninta da yis ɗinta na yi wanda ya yi kyau. A tukunya tsirara na dafa na ƙasan, na mayar da ruwan sama, na bar shi ya yi zaƙi, ya kwana ya ɗauki tsami. Sannan na juye ta cikin jakar na ɗaga, na sake tafasawa, ya huce, na sa yis a madadin gamin Mama. Ranar Juma'a da safe na buɗe bokitin na tarar yana numfashi, kumfa na tashi tana faɗuwa. Na ɗiba a kofi na kurɓa a tsaye. Sai ga ni a tsakar gidanmu, har da kukan awaki. Na daɗe ban ji daɗi irin na wannan safiya ba, kuma ko a lokacin abin da ke raina shi ne fuskar Hannatu in ta gani.

Burukutu abu ne mai rai, ba ya son a toshe shi. Ranar Asabar ɗin addu'ar buɗe gidan na zuba shi a jarka, na sa a jakar Ghana-must-go, na shiga jirgin ƙasa na ajiye shi tsakanin ƙafafuna. Jarkar ta riƙa kumbura. Duk tashar da muka tsaya sai in sunkuya kamar mai gyara takalmi, in sassauta murfin, ya yi tsaki, in mayar. Matar da ke kusa da ni ta duba ƙasan kujera sau biyu, daga baya ta tattara kayanta ta koma gaba.

Na isa gidan ya cika. Mutanenmu daga garuruwa daban-daban, yara na ta gudu suna Turancin da ko ni ba na kamawa. An gama addu'a, ana cin abinci. Tsohuwar tana zaune a falo da kofin lemo a hannu, ba ta sha ba. Na ji Hannatu na ba ta haƙuri, tana cewa dawar ƙasar nan ce ba ta da kyau.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, na zo miki da ɗan ruwa." Na karɓi kwano a kicin na zuba mata a gaban kowa.

Ta shinshina. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta sake kafa kai sai da ta ga gindin kwanon. "Wannan hannun wa?"

"Nawa ne, Mama."

"'Yar wace ce ke?"

Na faɗi sunan mahaifiyata da sunan ƙauyenmu, na kuma ƙara da bakina, karo na farko a rayuwata, cewa mai burukutu ce. Tsohuwar ta kama hannuna ta ɗaga. Falon ya ɗauki guɗa. Maza suka taso da kofuna, wani na cewa shekararsa goma sha biyu rabonsa da shi, wata na neman lambata. Ayuba ya ce, "Sista Saratu, ashe ke ce babbar, kika zauna kina kallonmu muna wasa!" Da wasa ya faɗa. Na dubi Hannatu. Murmushi take yi, ita ce ma ta karɓi jarkar tana zuba wa mutane. Abin da na taso nema tun daga Manchester na samu, bai kuma kai rabin awa ba jarkar ta ƙare.

Da la'asar na same ta a kicin ita kaɗai tana wanke kofuna. Na ɗauki tawul na fara gogewa. Muna kan kofi na biyar ta yi magana.

"An gyara wayar Mama ke nan," in ji ta, ba ta dube ni ba.

"E."

"Ranar da kika kira ni kan jaka, kika ce sha'ir ne. Dawa ce, ko?"

Na ci gaba da goge kofin da ke hannuna.

"Ranar da kika zauna a kujerar can kina kallona, kin sani?"

"Na sani."

Ta rufe famfo. "Sau uku na zubar, Saratu. Na ƙarshen a kan hutuna na yi shi, bayan na fito night shift huɗu a jere. Me na yi miki?"

Na lalubi abin da zan ce, sai na jawo wani tsohon abu. Na ce muna aji biyu a sakandare ta taɓa cewa a gaban 'yan ɗakinmu wai kayan makarantata na warin tsami, kowa ya yi dariya.

Ta dube ni sosai, tana ƙoƙarin tunawa da gaske. "Ban tuna ba. Amma in na faɗa, ban kyauta ba. Ki yafe mini."

Da ta musa, ko ta zage ni, da na sami abin riƙewa. Ta ba ni haƙuri, ta bar ni tsaye da tawul, na kuwa san ba maganar aji biyu ba ce. Benen ne, da labulen, da mijin da ke ɗaga mata jaka, da yadda komai ta taɓa yake yi mata kyau. Wannan kuwa ba ya faɗuwa. Ta ce in ɗauki shinkafa kafin in tafi, ta kuma sa Ayuba ya kai ni tasha. Ba ta raka ni ƙofa ba.

Sati biyu ba ta kira ba, ni ma ban kira ba. Ran wata Talata ina wanke tukunyata na ajiye soso na ɗauki waya na yi mata saƙon murya na minti tara. Na faɗa mata komai yadda Mama ta faɗa mini, har da kuskuren da na yi, har da abin da na gano da kaina game da hita da oven. Ban ce ta yi haƙuri ba, bakina ya kasa. Ta saurara a ranar. Washegari ta rubuto, "Na gode." Shi ke nan.

Ana saura kwana uku surukarta ta koma gida, ina tsaye a Wilmslow Road ina jiran bas, sai hoto ya shigo. Tsohuwar ce zaune a bayan gida da kwano a hannu biyu, bokiti a gabanta a buɗe. A ƙasa Hannatu ta rubuta: "Dahuwar Maman Saratu. Ki ce mata mun gode."

Na buɗe hoton na ja shi da yatsu har bokitin ya cika fuskar wayar. Na duba launin. Na duba kumfar, na duba kaurin da ya kama gefen kwanon. Aibi nake nema, ko ɗan kaɗan ne, wanda zan riƙe in ce ai hannu ya bambanta. Bas ɗina ta zo ta wuce ina nema. Ban samu ba. A karo ɗaya ta yi shi, kuma ga dukkan alama ya fi nawa.

Na tura wa Mama hoton. Ita kuma Hannatu na rubuta mata, "Ya yi kyau," na goge, na sake rubutawa, na tura kafin in sake tunani. Sannan na sa wayar a aljihu na kama hanya da ƙafa, don akwai tsohuwar da ke jirana in ba ta maganin rana.